Tilo da Jam'i Cikin Tambayoyin Turanci

'Yan'uwana ɗalibai, Hausawa sun ce matambayi ba ya ɓata. To, amma a Turanci sai mutum ya ɓata tun wajen shirya tambayar. Abin kuwa ba wasa ba ne, domin wanda bai sami kiredit na Turanci a jarrabawar WAEC ko NECO ba, shiga jami'a sai ta gagare shi.

Mu fara da harshenmu. Mukan ce, "Ina yaron yake? Ina yarinyar take? Ina yaran suke?" Ashe mu har namiji da mace muke rarrabewa. Aikatau na Turanci kuwa ba ruwansa da wannan. Abin da yake dubawa shi ne, sunan tilo ne ko jam'i. Tilo yana tafiya da is, was, has, does. Jam'i kuma da are, were, have, do.

Wahalar ita ce, a tambaya waɗannan kalmomi sukan riga sunan zuwa. Dabara sai ka mai da tambayar ta zama amsa. Misali, "Are the traders from Bodinga?" Amsa: "The traders are from Bodinga." Ka ga sun dace.

Ga tarko huɗu:

1. Idan does ya shigo, ya ɗauke harafin s. Sai a ce, "Does this lorry go to Sokoto?" Ba goes ba.

2. Kada suna na kusa ya ruɗe ka. "Is the price of onions rising?" Farashi ake tambaya, ba albasa ba.

3. Ba kowane jam'i ke da s ba. Children, people da cattle duk jam'i ne, amma news da mathematics tilo ne.

4. Kada ka auna da Hausa. Mukan ce kuɗi sun ƙare, amma Bature sai ya ce, "Where is the money?" Wando ɗaya ne gare mu, shi kuwa sai ya ce, "Where are my trousers?"

Iyayenmu na Dandin Mahe, ku ma kuna da taimakon da za ku yi, ko ba ku jin Turanci. Ku sa yaro ya rubuta tambaya biyar kowane dare a kan tumaki, shanu da kayan gida, ya kai wa malaminsa da safe a duba.

Allah ya ba mu sa'a, amin.