Daga Kacici-kacici Zuwa Labarin Bincike: Nazari A Kan Littattafan Yara Masu Wasa Ƙwaƙwalwa

Gabatarwa

Masana sun daɗe da nuna cewa rubutaccen adabin Hausa ya sha nonon adabin baka. Sai dai idan aka zo kawo misali, kusan kullum tatsuniya ake ambata, da karin magana, da waƙa. Kacici-kacici kuwa akan ba shi layi uku ko huɗu, a ce yana wasa ƙwaƙwalwar yara, sa'an nan a wuce. Manufar wannan maƙala ita ce a duba wani irin littafi da yaran wasu ƙasashe suke matuƙar ƙauna, watau labarin bincike, wanda ake ɓoye wani al'amari a cikinsa a bar mai karatu ya gano da kansa, a kuma gwada shi da abin da yaron Hausa ya riga ya saba da shi a dandali. Zan riƙa ɗauko misalai daga Zauro da ke bakin fadamar Rima, tsakanin Birnin Kebbi da Argungu, domin nazari yakan fi tsayuwa idan ya taka ƙasa.

Tambaya iri uku

Abin da muke haɗawa mu kira wasa ƙwaƙwalwa a gaskiya ba iri ɗaya ba ne. Akwai kacici-kacici na asali, wanda ake siffanta abu da siffar wani abu: baba na ɗaka gemu na waje, a ce wuta da hayaƙi, shanuna dubu maɗaurinsu ɗaya, a ce tsintsiya, ɗakin saurayi ba ƙofa, a ce ƙwai. Amsarsa ɗaya ce, kuma an riga an yanke ta tun kaka da kakanni. Wanda ya kasa sai ya ba da gari, mai tambaya kuma yana da ikon ya raina garin ya ce a ƙara. Yaron Zauro zai iya fara ba da Ambursa, a ƙi karɓa, ya ba da Argungu ko Gwandu, kafin a faɗa masa amsa. Ya kamata mu lura da wani abu a nan. Yaro ba safai yake gano amsar kacici-kacici da tunani ba; yawanci haddace ta yake yi bayan ya biya gari, gobe kuma ya ci wani da ita. Saboda haka wannan iri ya fi horar da yaro ga kamance da siffantawa, waɗanda su ne jarin mawaƙi.

Iri na biyu shi ne labarin da ake rufewa da tambaya, a ce a cikinsu wa ya fi. Alal misali, samari uku suna neman yarinya guda, ɗaya ya hango daga nesa tana bakin mutuwa, ɗaya ya kai su wurinta kafin ƙiftawar ido, ɗaya ya ba ta magani ta tashi. To, wa ya cancanci aurenta? Ana samun irin waɗannan labarai cikin Litafi na Tatsuniyoyi na Hausa, wanda Frank Edgar ya buga juzu'i uku daga 1911 zuwa 1913, kuma da yawa daga abin da ke cikinsa malaman ƙasar Sakkwato ne suka rubuta da ajami bisa roƙon Razdan Burdon. William Bascom ya tattara irinsu daga sassan Afirka cikin wani littafi na 1975. Waɗannan ba su da amsa yankakkiya. Gardamar da suke tayarwa ita ce amfaninsu, kuma aikin alƙali suke koya wa yaro, watau auna haƙƙin wannan da na wancan.

Iri na uku shi ne ya fi kusa da abin da muke nema. Mutum ya zo bakin gulbi da kura da akuya da damin harawa, jirginsa kuwa ba ya ɗaukar fiye da shi da abu guda. In ya bar kura da akuya ta cinye ta, in ya bar akuya da harawa ta cinye. Yaya zai yi? Wannan tambaya tsohuwa ce ƙwarai, don tana cikin wani kundin lissafi na Latin da ake dangantawa ga malamin nan Alcuin, wanda ya rasu a 804, sai dai can da kyarkeci da kabeji aka ba da ita. Amsarta ƙetarawa bakwai ce: ya kai akuya, ya dawo, ya kai kura, ya dawo da akuya, ya kai harawa, ya dawo, ya ɗauko akuya. Ba a bukatar wanda ya taɓa ji. Duk abin da ake bukata yana cikin tambayar. Wurin da yara suke cijewa shi ne ƙetarawa ta huɗu, domin hankali ba ya saurin yarda cewa komar da abu baya yana iya zama ci gaba. (Ɗan masunci dai zai ce ba a taɓa yin mai jirgin da ya yarda ya saka kura a kwalekwalensa ba, kuma da gaskiyarsa, amma wannan gardama ce ta daban.)

Yadda labarin bincike yake

Idan aka ɗauki iri na uku aka sa masa mutane da gari da dalili, aka shimfiɗa shi babi-babi, to an sami labarin bincike. Turawa sukan fara lissafin tarihinsa daga wani gajeren labari na Edgar Allan Poe na 1841, sa'an nan Sherlock Holmes na Conan Doyle wanda ya fara fitowa a 1887. Na yara kuwa ya kankama da littafin Erich Kästner na Jamus a 1929, inda yaran birnin Balin suka haɗa kai suka bi sawun mutumin da ya sace kuɗin wani yaro a jirgin ƙasa. A Ingila Enid Blyton ta fara jerin Famous Five a 1942. A Amurka Donald Sobol ya fito da Encyclopedia Brown a 1963, wanda tsarinsa ya fi kowane kama da dandalinmu: kowane babi ƙara ce guda, yaron ya gano mai laifi, amma ba a faɗin yadda ya yi sai a shafukan ƙarshe, kamar dai a ce wa mai karatu ya ba da gari. Littafin Ellen Raskin mai suna The Westing Game, na 1978, ya raba magada 16 biyu-biyu, ya ba kowane kashi 'yan kalmomi, yarinya 'yar shekara 13 ce kuma ta warware ƙullin.

Kada a ɗauka abin na Turawa ne kaɗai. Muhammed Said Abdulla na Zanzibar ya rubuta Mzimu wa Watu wa Kale da Swahili, aka buga a 1960, kuma a harshen Yarbanci Oladejo Okediji da Kola Akinlade sun yi suna da irin waɗannan labarai. Tun kafin waɗannan duka, marubutan tarihi na Larabawa sun kawo labarin 'ya'yan Nizar huɗu, waɗanda suka siffanta raƙumin da ba su taɓa gani ba. Sun ce mai ido ɗaya ne domin gefe guda kaɗai ya ci ciyawa, sun ce guntun wutsiya gare shi domin kashinsa a tare yake bai warwatsu ba. Ɗalibin da ya yi karatun allo kuma ya san ƙissar Annabi Yusufu, alaihissalamu, inda mai shaida ya ce a duba ta ina rigar ta yage, ta gaba ko ta baya. Malaman fiƙihu suna kafa hujja da wannan wajen hukunci da alamu. Ashe ke nan gano ɓoyayye ta hanyar bayyananne ba baƙon ilmi ba ne gare mu.

Sharaɗi guda ne yake riƙe da wannan irin labari, shi ne adalci ga mai karatu. Lalle ne marubuci ya shimfiɗa duk alamun da mai bincike ya gani a gaban mai karatu kafin a kai ga warwara, ko da zai binne su cikin wasu maganganu. Ronald Knox, cikin ƙa'idoji goma da ya tsara a 1929, har ya hana a warware sirri da tsafi ko aljanu. Daɗin da yaro yake ji daga nan yake fitowa. In ya gano kafin tauraro, ya yi nasara. In bai gano ba, sai ya koma baya ya tarar alamar tana nan a shafi na tara tana kallonsa, ya ji haushin kansa, ya ɗaura aniyar ba za a sake cinsa ba a littafi na gaba. Wannan komawa baya, a ganina, ita ce babbar riba, domin littafi kaɗan ne suke sa yaro ya karanta shafi sau biyu ba tare da bulalar malami ba.

Ina namu suka tsaya?

Gasar da Hukumar Talifi ta Zariya ta shirya a 1933 ƙarƙashin Rupert East ta haifar da Ruwan Bagaja, da Ganɗoki, da Shaihu Umar, da Idon Matambayi, da Jiki Magayi. A cikinsu akwai yawon duniya, da jaruntaka, da bauta, da sata, da ramuwar gayya, amma babu wanda aka gina a kan tambayar wa ya aikata. Littafin da ya fi shiga zukatan yaran makaranta, watau Magana Jari Ce na Abubakar Imam, wanda ya fito kashi uku daga 1937 zuwa 1939, shi ya fi cancantar a tsaya a kansa, domin a littafi na ɗaya akwai duk kayan haɗin labarin bincike. Ga sarki ya tafi yaƙi, ga ɗansa Musa an bar shi a gida, ga Waziri yana ƙulla yadda za a fitar da shi a hallaka, ga aku yana tsare shi da labarai har gari ya waye. Amma Imam ya buɗe mana cikin Waziri tun da fari. Mai karatu ya san maƙarƙashiyar, Musa ne bai sani ba. Tambayar da ke jan mu ita ce ko zai fita yau, ba mu taɓa tambayar wa ke neman ransa. Wannan ba aibi ba ne ga littafin. Zaɓi ne na tsari, kuma ya dace da tatsuniya, inda mugu yakan bayyana tun daga sunansa. Da a ce an ɓoye mai ƙullin, an bar aku yana tsintar alamu dare bayan dare, da wani littafi ne daban za a samu, mai yiwuwa kuma da labaran cikinsa sun rasa sararin da suka samu.

Akwai kuma abin da ya fi tsari zurfi. A labaranmu, idan abu ya ɓace, hanyar gano shi takan zama boka, ko bugun ƙasa, ko mafarki, ko aljani ya zo ya faɗa. Marubucin da ya bi wannan hanya ya huta, amma ya kori mai karatu daga wasan, don ba yaron da zai iya yin tsere da aljani. Kuma batun bai tsaya ga adabi ba. Kowa a cikinmu ya san yadda ake ɗora wa mutum sata ko maita a ƙauye da birni don kawai baƙo ne, ko don wani ya ce ya gani. Yaron da ya saba tambayar mai shaida a ina ya tsaya, da wane haske ya gani, ya sami wani abu da darasin ladabi ba ya bayarwa.

Gwaji

Don kada maganar ta zauna a sama, ga ƙashin bayan wani labari da na ƙaga don misali. An sace buhun shinkafa daga rumbun wani manomi a Zauro. A babin farko an nuna mata suna ta kitso da lalle, tela ya hana kansa barci, domin jibi ake sa ran duban watan ƙaramar Salla. A babi na uku, gaban mai gari, wani maƙwabci ya tashi ya ce shi da idonsa ya ga ɓarawon bayan an sauko daga asham, yana saɓe da buhu ya nufi fadama, kuma ya shaida fuskarsa sarai domin farin wata ya haske ta. Wani baƙon ɗan ƙwadago ne da ya zo yankan shinkafa. Jama'a suka yi caa a kan baƙon. Wata yarinya mai tallar fura ta raɗa wa kakarta cewa mai shaidar ƙarya yake yi.

Alamar tana babin farko. A daren 28 ga wata babu farin wata bayan lisha. Ɗan siririn da ya rage sai gab da asuba yake fitowa. Yaron birni da ya tashi ƙarƙashin lantarki zai iya wucewa bai lura ba, amma yaron da wasansa na dandali ya dogara ga hasken wata zai kama ta nan take, kuma wannan shi ne dalilin da ya sa fassara littattafan Blyton ba za ta wadatar ba: alamar dole ta fito daga abin da mai karatu ya sani. Fadama cike take da irinsu. Laka baƙa a ƙafar wanda ya rantse daga tudu ya fito, homa jiƙaƙƙiya a gidan wanda ya ce ya kwana uku bai shiga ruwa ba, bambancin sawun jaki mai kaya da marar kaya, har da karin harshe, don mutumin da ya ce shi Bakano ne amma bakinsa ya suɓuce da Kabanci ya riga ya ba da kansa.

Sai dai a lura, ƙaryata mai shaida bai nuna shi ne ɓarawo ba. Mai yiwuwa yana rufa wa ɗansa asiri ne, mai yiwuwa tsohuwar gaba ce tsakaninsa da baƙon. Marubucin da ya rufe labarin a nan ya maimaita laifin jama'ar da suka yi caa, ya sauya wanda ake zargi kawai. Yana bukatar alama ta biyu da za ta kai ga buhun kansa, kuma ita ma wajibi ne ya dasa ta tun kafin babi na uku.