Darasi na Bakwai: Shirye-Shiryen Ɗaukar Hoton Mutum

7.1 Gabatarwa

Ɗalibin da ya fita binciken al'adu kan buƙaci hoton wanda ya yi hira da shi, ko maƙeri ne ko mawaƙi ko ungozoma. Sau da yawa dama ɗaya yake samu, musamman idan dattijo ne. Don haka, kyawun hoton ya dogara ne ga shirin da aka yi kafin a danna kyamara.

7.2 Misali Daga Bamako

Seydou Keïta na ƙasar Mali ya buɗe wurin ɗaukar hoto a Bamako a shekarar 1948. Ya fi amfani da hasken rana, yana rataya zane mai ado a bayan mutum, sannan ya ara masa rediyo ko agogo ko babur. Saboda tsadar kayan aiki, yawanci sau ɗaya yake ɗauka. Wannan ya sa yake gyara zaman mutum da hannuwansa tun kafin ɗauka.

7.3 Matakan Shiri

(a) Neman izini: A bayyana wa mutum dalilin hoton da inda za a yi amfani da shi. Idan matar aure ce, a nemi yardarta da ta maigidanta.

(b) Lokaci: Hantsi da la'asar sakaliya sun fi dacewa. Da tsakar rana, hula ko rawani kan jefa inuwa a kan idanu.

(c) Sutura: Farar riga cikin rana kan ruɗi kyamara, ta rage haske, fuska ta yi duhu. Maganin wannan shi ne a zaunar da mutum a inuwa, kamar bakin zaure, yana fuskantar haske.

(d) Baya: A zaɓi bango marar tarkace, a ajiye kayan sana'arsa kusa da shi.

(e) Kyamara: A cika batir, a goge gilashi, a riƙe ta daidai da idanun mutum.

7.4 Kammalawa

Hoton da aka shirya wa yakan zama hujja a bincike, kuma kayan koyarwa a aji, yana kuma kare mutuncin mai shi.

7.5 Auna Fahimta

1. Me ya sa tsakar rana ba ta dace da ɗaukar hoton mai rawani ba?
2. Wane darasi ke cikin tsarin aikin Seydou Keïta?