Darasi: Jariri da Alhakin da Bai Ɗauka Ba

Karatu: Yohanna 9:1-7, Ezekiel 18:1-20, Romawa 5:12-21.
Ayar haddacewa: 2 Korintiyawa 5:21.

1. Koyarwar karma

Kalman nan, karma, daga harshen Sanskrit na ƙasar Indiya ta fito, ma'anarta kuwa aiki. Masu bin addinin Hindu da na Buddha suna koyar da cewa mutum yakan mutu, a sāke haihuwarsa sau da yawa, abin da ya tarar a sabuwar haihuwa kuwa sakamakon ayyukansa ne na rayuwar da ta wuce. Yau kalmar ta shiga bakin samarinmu a Abuja, har sukan gama ta da karin maganarmu, watau alhaki kwikwiyo ne, mai shi ya ke bi. Gaskiya ce mugun aiki yana da girbinsa, Galatiyawa 6:7 ta shaida haka. Amma bisa ga Ibraniyawa 9:27, mutuwar mutum ɗaya ce tak, shari'a tana biye. Ba wanda ya ke shigowa duniya da bashin wata rayuwa a wuyansa.

2. Makaho tun haihuwa

Sa'an da almajirai suka ga makahon nan, suka so su san mai laifin, shi ko iyayensa. Ubangiji ya kawar da zato biyun duka, ya nuna makantar dama ce ta bayyana aikin Allah. Ya aike shi tafkin Siluwam, ya komo yana gani. Annabi Ezekiel kuma ya riga ya faɗa cewa ba a ɗora wa ɗa laifin ubansa.

'Yan'uwa, zaton almajiran nan ya yi ɓarna kusa da mu. A waɗansu ƙauyukan Yankin Babban Birnin Tarayya an daɗe ana ɗaukar tagwaye, da jaririn da uwarsa ta rasu wajen haihuwa, a kan su ne masu kawo masifa, har a kashe su. Domin ceton irin yaran nan masu wa'azin Bishara suka buɗe gidan Vine Heritage a shekarar 2004, kusa da Kuje. Irin aikin ne Mary Slessor ta yi a ƙasar Kalaba, inda ta sauka a 1876.

3. Ashe, jariri marar zunubi ne?

A nan sai mu rarrabe abu biyu, laifin aiki da halin gado. Jariri bai yi ƙarya ba, bai cuci kowa ba. Duk da haka Dawuda ya gane zunubi yana tare da shi tun daga ciki (Zabura 51:5), Bulus Manzo kuma ya bi sawun zunubi har zuwa Adamu. Dubi tsiron gauta mai ɗaci: bai yi 'ya'ya ba tukuna, amma ɗacin yana cikin iri.

Wani malami, Felajiyus, ya koyar cewa mutum bai gāji kome daga faɗuwar Adamu ba. Agustin, bishop na Hippo a ƙasar da a ke kira Aljeriya yanzu, ya yi tsayayya da shi, taron Ekklesiya a Kartaj kuwa ya ƙi koyarwar a shekarar 418. Mu lura, gadon nan na dukanmu ne. Ɗan sarki da ɗan makaho daidai su ke a cikinsa, saboda haka ba mai ikon nuna wani jariri da yatsa.

4. Shi kaɗai

Ɗaya ne aka haifa ba tare da zunubi ba, Yesu Kristi, gama ta ikon Ruhu Mai Tsarki aka ɗauki cikinsa (Luka 1:35). An jarabce shi kamar mu, bai faɗi ba (Ibraniyawa 4:15). Karma ta ce kowa ya biya bashinsa har anini na ƙarshe. Bishara ta ce wanda ba a binsa kome shi ya biya namu a kan gicciye. Wannan shi ne alheri.

Tambayoyi
1. Ina bambancin girbin Galatiyawa 6:7 da koyarwar karma?
2. Ƙaƙa za mu daidaita Fitowa 20:5 da Ezekiel 18:20?
3. In an haifi naƙasasshen yaro a unguwarmu, me ya wajaba Ekklesiya ta yi wa iyayensa?

Addu'a: Mu roƙi Ubangiji ya tsare bakinmu daga hukunta marayu da naƙasassu, ya kuma buɗe hannunmu gare su.