Darasin Lafiya: Basur Mai Tsiro

Ƴan uwa manoma da makiyaya na Magarya da Dungas, darasinmu na yau a kan basur ne. Wasu suna ce masa ɗankanoma. Kunya tana hana mutane faɗin wannan ciwo, har ya yi tsanani.

Mine ne basur?

Akwai jijiyoyin jini a bakin dubura. Idan mutum yana yawan yunƙuri wurin ba-haya, sai su kumbura. Taurin ba-haya yana kawo shi. Haka ma daɗewa a tsugune cikin salga, da ɗaukar kaya mai nauyi, da juna biyu.

Basur yana da mataki 4:

1. Yana ciki, ba ya fitowa, sai dai a ga jini.
2. Yana fitowa, ya koma da kansa.
3. Yana fitowa, sai an mayar da shi da yatsa.
4. Ya fito, ba ya komawa.

Abin da za a yi a gida

Babban aiki shi ne ba-haya ya yi laushi. A ci wake, zogale, rama, yakuwa, miyar kuka da kuɓewa. A ci gwaba da mangwaro da kankana a lokacinsu. Mata, kada a surfe gero har dusa ta fita duka, domin dusa tana sassauta ciki. A sha ruwa mai tsabta da yawa, musamman da bazara.

In ba-haya ya zo, kada a riƙe shi. Kada a yi yunƙuri, kada a daɗe a tsugune. A yi tsarki da ruwa. A zauna cikin ruwa mai ɗumi minti 10 zuwa 15, sau 2 ko 3 a yini. In tsiron ya fito, a wanke hannu da sabulu, a mayar da shi a hankali.

Maganin kasuwa fa?

Ranar kasuwa masu magani suna shela da lasifika cewa nasu yana kashe basur har saiwa. Mu yi hattara da kuɗinmu. Akwai kuma ƙwayoyin da ake kira omeyopati. Wani Bajamushe, Samuel Hahnemann, ya ƙago wannan hanya a 1796. Ana tsinka maganin da ruwa sau da yawa, har kusan ba abin da ya rage. Masana sun bincika, ba su sami shaidar yana warkarwa ba. Shi ya sa a 2021 asusun lafiya na Faransa ya daina biyan kuɗinsa.

Kada a bari kowa ya yanke tsiron da aska ko ya ƙona shi a gida. Jini yana iya ɓallewa, mutum ya halaka.

Yaushe za a tafi likita?

In an ga jini. In tsiron ya ƙi komawa, ko ya yi baƙi da zafi. In akwai jiri, rama ko baƙin ba-haya. Ba kowane jini ne basur ba, wani lokaci kansar hanji ce. Yaron da bayansa ya fito bayan zawo, shi ma ba basur ba ne. A kai shi likita nan take.

A fara da likitar da ke kusa. Majo zai duba. In ya cancanta, ya tura mutum Magarya ko babbar likitar Damagaram. Likitoci suna ɗaure tsiron da ƴar roba ko su yi aiki, kuma ana warkewa.

Tambayoyi ga ɗaliban yaƙi da jahilci

1. Mi ke kawo basur?
2. Wane abinci ke sassauta ciki a garinku?
3. Waɗanne alamu ke sa a tafi likita?

Wanda ya karanta, ya karanta wa maƙwabcinsa.