Yadda A Ke Duba Lafiyar Babban Jirgin Ruwa Na Shaƙatawa

Ƙyallin fenti ba ya nuna lafiyar jirgi, ga shi kuwa rayukan mutane ya ke ɗauka. Domin haka Lloyd's Register ta Landan, wadda aka kafa a 1760, ta kan yi wa jiragen da ke rajistarta babban bincike duk shekara 5. A kan fid da jirgin tudu, a auna kaurin ƙarfensa, a duba tutiyar da aka ɗaura domin ruwan gishiri ya ci ta maimakon farfela. Amma baƙin mai shi ya fi tona asiri: in aka sami garin ƙarfe da yawa a ciki, injin yana cin kansa ke nan. Sa'an nan a fita teku, a ba shi wuta sosai, a ga ko zai ɗauki zafi.