Gyangyaɗi da barcin gaiwa: darasi a kan kwamfutar da ta ƙi farkawa

Ɗalibin da ya yini yana rubuta hirar da ya naɗo a ƙauye cikin ELAN, ko yana auna tsawon wasula da Praat, yakan rufe murfin kwamfutarsa ya jefa ta jaka, yana zaton ta kwanta. Da safe sai ya tarar da ita da zafi, batir ya ƙare, aikin da bai adana ba ya tafi. Tushen wannan asara, a ganinmu, rashin bambance halaye uku ne da na'urar take shiga, kuma sunayen da aka ba su ma sun ƙara rikita al'amarin.

Halin farko shi ne wanda Windows na Faransanci yake kira «Veille». Abin lura ga mai nazarin harshe: wannan kalma tana nufin zama ido biyu, alhali Ingilishi barci yake kiran halin. Hausa tana da kalmar da ta faɗa tsakani, wato gyangyaɗi. A nan aikinka yana cikin ma'ajiyar wucin gadi, RAM, wadda ba ta riƙe komai sai da wuta. Batir na ƙarewa, abin da ke ciki ya goge. Sabbin kwamfutoci da yawa kuma ba sa yin shiru sosai a wannan hali. Suna iya ci gaba da ƴan ayyuka a cikin jaka. A watan Afrilu ko Mayu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40 a Tawa ko Damagaram, wannan yana gajiyar da batir.

Hali na biyu, «Veille prolongée», sunansa yana ɓatar da mutum, domin na'urar a kashe take ɗungurungum. Kafin ta mutu takan kwafe duk abin da ke RAM zuwa wani fayil mai suna hiberfil.sys a kan diski. Muna ba da shawarar a kira shi barcin gaiwa, kifin nan da ke binne kansa cikin laka duk tsawon rani har ruwa ya dawo. Wanda zai yi tafiya daga Maraɗi zuwa Yamai, ko yake unguwar da ake yawan ɗauke wuta, wannan ya kamata ya zaɓa. Idan bai ga zaɓin ba, ya buɗe «Invite de commandes» a matsayin mai iko, ya rubuta powercfg /h on, sannan ya kunna shi a «Options d'alimentation».

Na ukun ya fi yaudara. Tun Windows 8, a shekarar 2012, danna «Arrêter» ba ya kashe na'ura gaba ɗaya muddin «Démarrage rapide» yana kunne: zuciyar tsarin ana ajiye ta a diski, a dawo da ita yadda take, har da kurakuranta. Shi ya sa matsalar sauti ko ta Wi-Fi take biyo mutum kwana da kwanaki. Maganinta «Redémarrer», ko riƙe maɓallin Maj yayin danna «Arrêter».

To idan ta ƙi farkawa fa? Kada ka yi gaggawa. Duba fitilar wuta, ka saurari fanka. In suna aiki amma allon baƙi ne, danna Windows, Ctrl, Maj da B tare. Wannan yana sake tayar da manhajar nuna hoto, aikinka kuma bai taɓu ba. Sai idan hakan ya faskara za ka riƙe maɓallin kunnawa kamar daƙiƙa 10, da sanin cewa abin da ba a adana ba ya tafi. Bayan nan cire duk kile da linzamin da ke jone, sa caja, jira kaɗan, ka kunna.

Ita kuwa wadda ke farkawa da kanta cikin dare, rubuta powercfg /lastwake, za ta nuna abin da ya tashe ta na ƙarshe. Sau da yawa linzami ne ko katin sadarwa, kuma ana iya hana su wannan izini a «Gestionnaire de périphériques».