Darasi: Injin Da Ya Ƙi Ɗaukar Zafi

'Yan'uwa manoma, kowa ya san haɗarin motar da ke tafasa. Amma kaɗan ne suka san injin da ya ƙi yin zafi shi ma ciwo gare shi. Direba yakan ce, "Motar nan lafiya lau take, allura ba ta motsi." Alhali kuwa kuɗin ƙungiya ne ke zurarewa.

Aikin tamostat

Tamostat wata 'yar ƙofa ce a hanyar da ruwa ke bi daga inji zuwa lagireto. A yawancin motoci tana wurin da tiyon sama ya haɗu da kan inji. Sa'ad da inji ke sanyi tana rufe, ruwa yana zagayawa cikin inji kaɗai domin ya yi zafi da wuri. In zafi ya kai wajen digiri 80 zuwa 90, wani kaki da ke cikinta ya narke ya kumbura, ya tura ƙofar ta buɗe. In ta tsufa takan maƙale a buɗe. Wani lokaci kuma makaniki ne ya cire ta ya yar, wai ƙasarmu da zafi. Wannan kuskure ne. An ƙera inji ya yi aiki da zafinsa daidai, ko a bazara ko a hunturu.

Hasarar da ke ciki

Inji mai sanyi yana shan mai fiye da kima. Man da bai ƙone ba yana wanke baƙin mai daga jikin silinda, ƙarfe ya riƙa cin ƙarfe. Laima kuma tana taruwa cikin baƙin mai ta ɓata shi, fulogi su yi baƙi.

Yadda za ku gane

1. Da safe, kafin a ta da mota, ku duba ruwan lagireto ya cika.

2. Ku ta da inji, ku riƙa taɓa tiyon sama, kuna nesa da fanka. In tamostat na da lafiya, tiyon zai zauna da sanyi na 'yan mintoci, sa'an nan ya yi zafi farat ɗaya. In ya soma ɗumi a hankali tun daga farko, ƙofar a buɗe take, ko babu ita.

3. Ku lura da allura a kan hanya. In tana sauka a gangara ko lokacin gudu, ta hau in an tsaya, alama ce ta biyu.

4. In tiyo ya yi zafi yadda ya kamata amma allura tana kwance, ku zargi ma'aunin zafi ko wayarsa.

5. Don tabbatarwa, a ciro tamostat. In a buɗe take tun tana sanyi, ta mutu. In a rufe take, ku rataya ta da zare cikin tukunyar ruwa a kan murhu. Ya kamata ta buɗe kafin ruwan ya tafasa, ta rufe in ta huce. Wadda ta ƙi buɗewa ita ke sa mota tafasa har gasket ya ƙone.

Magani

Ba a gyaran tamostat, sai a sayi sabuwa mai lambar zafi irin wadda aka buga a jikin tsohuwar. A sa gefen da ke da sifirin wajen inji, da sabon gasket. A cika ruwa, a bar iska ta fita.

Gargaɗi: kada kowa ya buɗe murfin lagireto inji yana da zafi. Ruwan zai yi tsartuwa ya ƙona fuska da hannu.

Kuɗin tamostat kaɗan ne, kuɗin sauke inji kuwa yana iya cinye ribar kaka duka, amfanin gona kuma yana jiran mota a rumbu. Rigakafi ya fi magani.

Tambayoyi domin taronku

1. Akwai tamostat a motar ƙungiyarku? Wa ya gani da idonsa?

2. Wa ke rubuta man da motar ke sha kowane wata?